Maƙeri da Tukunyar Giya: Tarihin Haɗin Ƙarfe Daga Dala Zuwa Ƙasar Rano

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin sarakunan Kano, ko a fassarar Turanci wadda H. R. Palmer ya buga a 1908, ko kuwa a Hausar da ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, zai tuna cewa tun kafin a kai ga Bagauda, marubucin ya jera manyan mutanen da ke zaune kewaye da Dala a zamanin Barbushe, kowa da sana'arsa. A cikin jerin nan akwai Gijigiji, shi ne maƙeri. Sunan da ke biye da nasa kuwa Bugazau ne, mai dafa giya. Can gaba kaɗan sai ga Maguji, wanda aka ce shi ne kakan Maguzawa, aikinsa haƙar tama da narka ta. An sha yin bayani a kan Barbushe da Tsumburbura a azuzuwanmu, amma ba safai akan tsaya a kan waɗannan maƙwabta biyu ba. To, a kansu nake so mu ɗan yi nazari. Maƙeri da mai giya sun zauna ƙasa ɗaya shekaru aru-aru, maƙeri ya ƙera wa manomi fartanya, ya ƙera wa mayaƙi mashi, ya ƙera wa doki linzami, amma tukunyar mai giya daga wurin magina take fitowa. Me ya sa?

Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da zancen giya. Hukuncinta a addinin mafi yawanmu sananne ne, kuma ba shi za mu tattauna ba. Sai dai mai nazarin tarihi ba ya tsallake tukunya saboda abin da aka dafa a cikinta, balle ma za mu gani nan gaba cewa jikanyar tukunyar nan ce ake dama mana nono da zoɓo da kunun zaƙi a cikinta yau.

Bari mu ɗauki ƙasar Rano ta zame mana madubi. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake wa laƙabi da sarakunan baba saboda rini. Littafin tarihin da muka ambata ya ce Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, ya yaƙi Sarkin Rano, kuma a zamaninsa ne Wangarawa suka iso da Musulunci. A yau masarautar Rano, bisa tsarin da aka yi a 2024, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, Unguwar Gai kuwa ɗaya ce daga mazaɓun Kibiya. Ƙasa ce ta duwatsu da gonakin dawa. Bayan jihadi ya ci Kano a farkon ƙarni na 19, kudancin Kano, watau wajajen Rano da Tudun Wada da Sumaila, yana cikin inda Maguzawa suka ci gaba da zama a manyan gidajensu da ke warwatse cikin gonaki, suna biyan jiziya, an bar su da al'adunsu. Giya tana tsakiyar waɗannan al'adu. Da ita ake sallamar 'yan gayya, da ita ake aure da makoki, ita ake zuba wa iskoki. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya tarar da abin haka yake.

Yadda ake yin ta iri ɗaya ne a ƙasashen dawa, daga nan har arewacin Gana da Burkina Faso, ko an kira ta burkutu, ko fito, ko dolo. Aikin mata ne. Za a jiƙa dawa, galibi ja, a tsame a baza a inuwa, a rufe da ganye ana yayyafa ruwa, kwana huɗu ko biyar sai ta yi tsiro. A shanya tsiron, a niƙa, a dama da ruwa, a ɗora a wuta. In an sauke sai a bar shi ya kwana ya yi tsami, kashegari a sake tafasa shi na sa'o'i masu yawa, a bari ya huce, sa'an nan a zuba masa ragowar tsohuwar giya, ko a juye shi cikin tukunyar da ta saba. Kwana ɗaya ko biyu ta tashi. Daga jiƙo zuwa sha kusan mako guda ke nan, kuma in ba a shanye ta da wuri ba sai tsami ya yi mata yawa ta lalace. Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe a nan: ruwa ne mai tsami irin na nono, kuma yana daɗewa cikin mazubinsa, kan wuta da bayan wuta.

Tukunyar ƙasa ba ruwanta da tsami. An gina ta gaba ɗaya daga gindi har baki, babu inda aka liƙa wani abu a jikin wani. Daɗin daɗawa, jikinta yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, inda yisti ke maƙalewa, shi ya sa tsohuwar tukunya ta fi sabuwa saurin tayar da giya, abin da matan suka sani tun kafin masana su gano dalilinsa. Aibinta dai nauyi, da cin itace, da fashewa rana tsaka. Kuma ba a huda ta a sa mata famfo, sai dai a sa ƙwarya a ɗebo ta sama.

Shi kuwa maƙeri, ba ƙwarewa ya rasa ba. An tono murhun narka tama a Dala wanda masana suka ce ya kai ƙarni na bakwai, ke nan sana'ar ta girmi birnin kansa. Maƙerin baƙi ya iya haɗa ƙarfe da ƙarfe tun can. Yakan tura guntaye biyu cikin gawayin ƙirya, yaro yana zuga, har su wuce ja su yi fari suna tartsatsi, ya barbaɗa ɗan rairayi don ya kwashe dattin da ke fuskarsu, ya ciro da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, ya sa masaba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai, domin in ya yi jinkirin ƙiftawar ido haɗin ba zai kama ba. Amma irin wannan haɗi sai ƙarfe mai kauri wanda zai zauna kan uwar maƙera. Falle mai sirara yakan ƙone kafin ya kai wannan zafi. Fallen ma ina ya gan shi? Abin da ke fitowa daga murhun masu tama curi ne, an sha wuya kafin a same shi, ba wanda zai ɓatar da shi a kan tukunya alhali garma na jira. Ko da ma ya ƙera, tsatsa na nan tana dakonta.

Maƙeran fari, masu aikin tagulla da azurfa, su suna da wata dabarar, watau liƙi. Ba sa narka abin da za su haɗa, sai su narka wani ƙarfe mai taushi, dalma da kuza, ya kwarara tsakani ya daskare. Kuzar ma a gida take, domin mutanen Riruwai, can ƙarshen kudancin Kano, sun daɗe suna narka ta suna zuba ta sirara kamar tsinke tun kafin Turawa su san da kuzar Jos. Ga wani abu da zai ba ɗaliban harshe sha'awa: kalmar sinadari da muke amfani da ita yau a kimiyya, a tsofaffin ƙamusoshin Hausa ma'anarta abin da maƙerin fari ke yin liƙi da shi. Daga maƙera kalmar ta shiga ɗakin gwaje-gwaje. To amma liƙi bai warware matsalar mai giya ba. Tsami in ya kwana cikin tagulla sai ya fito da wata koriyar tsatsa mai sa amai, in kuwa ya sami dalma sai ya narkar da ita a hankali ya kai ta cikin mai sha. Saboda haka magini ya riƙe kasuwarsa.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafi. Ya iso Kano a 1911, ya zo da tarin ƙarfen Turai, sabo da tsoho, mai arahar da ta sa narka tama ya mutu. Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda suka koma dogara da tarkacen jirgi da na mota. Tare da wannan ƙarfe sai ga garwar kananzir, bayanta kuma, musamman daga Yaƙin Duniya na Biyu, sai ga duro mai cin galan 44, watau lita 200 da 'yan kai. A gefe guda kuma gwamnatin Turawa, bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burusal a 1890, ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa. Ke nan sojan bariki da leburan haƙar kuza da mazaunin sabon gari, in mai sha ne, burkutu ce tasa. Giya ta tashi daga abin buki ta zama haja, mai sayarwa kuwa tana bukatar mazubi babba. A yanka duro biyu, an sami tukwane biyu da ba sa fashewa, ga saurin tafasa, ga araha. Wa zai ƙi?

Araha ba ta ado. A 1929 wani likita mai suna A. S. Strachan, wanda ya binciki gawarwaki da yawa a Johannasbag ta Afirka ta Kudu, ya lura cewa hantar baƙaƙen fata da dama cike take da ƙarfe fiye da kima. An ɗauki shekaru ana neman dalili, har T. H. Bothwell da abokan aikinsa suka bi sawun abin zuwa duron da ake dafa giyar gida. Tsamin giya yana cin jikin duro, ƙarfen ya narke ciki, har lita guda takan ɗauki miligiram 40 zuwa 80, alhali abin da jikin namiji baligi ke bukatar tsotsa a yini bai wuce miligiram ɗaya ko biyu ba. Jikin ɗan Adam kuwa ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe, sai ya tara shi a hanta da saifa da sauran kayan ciki, shekara da shekaru, har hanta ta ƙeƙashe. A 1992 Victor Gordeuk da jama'arsa suka ƙara da cewa akwai gado a ciki, wasu jikinsu ya fi na wasu saurin tarawa. A kudancin Afirka aka yi waɗannan bincike, amma duron nasu da namu uwa ɗaya uba ɗaya ne, tsamin dawa kuma bai san iyakar ƙasa ba. Ban da wannan, duro ba ya zuwa hannun mai giya sai ya gama aikinsa na fari, ko mai ya ɗauko, ko fenti, ko maganin ƙwari.

In duron ya huje kuma aka kai wa mai liƙi ya toshe da dalma, an gudu ba a tsira ba. Turawa sun riga mu ɗanɗana wannan. A 1767 likita George Baker ya nuna cewa ciwon cikin da ya addabi mutanen Devon a Ingila daga dalmar da ke jikin kayan matse tuffa yake, wadda tsamin ruwan ke narkarwa. Mu ma ba baƙin dalma ba ne: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. A 2014 kuma wani bincike a Kamaru ya sami dalma a tukwanen alminiyam da ake zubawa daga tarkacen injuna, irin waɗanda ke kowace kasuwa tamu.

Ashe dai abu biyu ake nema: ƙarfen da tsami ba ya ci, da haɗin da ba zai ɓata wannan ƙarfe ba. Na farkon ya samu ne a wajen neman kayan yaƙi. A watan Agusta na 1913, a birnin Shefil na Ingila, Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai jure wa zaizayar cikin bakin bindiga, sai ya narka wani mai kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari, ya tarar tsami ba ya kama shi. A Jamus ma masanan kamfanin Krupp sun yi rajistar irin nasu a 1912, mai haɗe da nikel. A 1924 W. H. Hatfield, magajin Brearley a wurin aiki, ya daidaita haɗin da ya zama ruwan dare, kashi 18 kuromiyam, kashi 8 nikel, wanda ake wa lamba 304 yanzu. Shi ne ƙarfe marar tsatsa, wanda 'yan kasuwarmu ke ce wa sitenles. Sirrinsa kuwa ba a cikinsa yake ba, a fatarsa yake. Kuromiyam in ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi wata 'yar fata a saman ƙarfen, siririya ƙwarai har ido ba ya ganinta, ita ke tsare shi. In an karce ta sai ta sake tsirowa da kanta, muddin kuromiyam ɗin da ke wurin bai gaza kashi 10 da rabi ba. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi, domin duk rigimar walda a kansa take.

Walda irin ta zamani ta riga wannan ƙarfe zuwa duniya. Nikolai Benardos na Rasha ya haɗa ƙarfe da tartsatsin lantarki a shekarun 1880, Faransawa biyu, Fouché da Picard, suka fito da bakin wutar gas a farkon ƙarni na 20, Oscar Kjellberg na Suwidin kuma ya yi wa sandar walda riga don ta kare narkakken ƙarfe daga iska. Waɗannan biyu, ta kabaid da ta sanda, su ne suka iso mana, daga ma'aikatar jirgin ƙasa da ta ayyuka suka bazu har bakin titi. Suna da kyau a kan ƙofa da taga da amalanke. A kan siririn falle marar tsatsa kuwa sai a hankali. Sanda takan huda shi, ta bar kashin maƙera a maƙale, harshen kabaid kuma yana iya cusa masa kabon. Ga shi kuma ƙarfen yana da wani hali: in ya daɗe cikin zafin da ke tsakanin digiri 425 da 860, kabon ɗin da ke cikinsa sai ya kama kuromiyam ya ɗaure, gefen haɗin ya talauce, fatar nan ta kasa tsirowa. Sai ka ga tukunya tana ƙyalli ko'ina, amma tsatsa ta yi mata zobe daidai inda aka yi walda.

Maganin ya zo daga yaƙi, kamar dai ƙarfen. A kamfanin jiragen sama na Northrop da ke Kalifoniya, ana so a ƙera jirgi da maganiziyam, ƙarfe marar nauyi amma mai kama wuta in an narka shi a sarari. Russell Meredith ya haɗa dabaru biyu. Ya ɗauki tsinken tangistin, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422, ya sa shi ya zama bakin da tartsatsi ke fita, sa'an nan ya sa iskar heliyam tana kwarara kewaye da shi tana kore iskar duniya. Ya nemi rajista a 1941 aka ba shi a 1942, ya sa wa abin suna Heliarc, kamfanin Linde ya saya ya inganta. Amurka ce ke da heliyam a rijiyoyinta, saboda haka sauran ƙasashe suka koma ga argon, iskar da Rayleigh da Ramsay suka gano a 1894, wadda ta kusa kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, ba ta kuma haɗuwa da komai. Wannan ce waldar TIG, wadda masu sana'a a nan ke kira waldar argon. Tsinken ba ya narkewa, aikinsa ba da zafi kurum. Mai walda yana riƙe da shi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɗiga siririyar waya cikin ɗan tafkin da ya narke, kamar mai ɗinkin hula yana jera zare. Babu kashin maƙera, babu tartsatsi mai fallatsa. Da wannan haɗi ne kamfanonin giya da na madara suka cika da tankuna da bututu marasa tsatsa, gangar katako kuma ta ba gangar ƙarfe wuri a shekarun 1950 da 1960.

Yadda abin ya sauko daga kamfani zuwa gida shi ma doka ce ta jawo. Ingila ta soke lasin dafa giyar gida a 1963, Shugaba Jimmy Carter na Amurka ya sa hannu a irin wannan doka a 1978. Masu yi a gida suka yawaita, tukunyar girki ta yi musu kaɗan, sai idonsu ya faɗa kan gangar da kamfani ke kai wa mashaya, mai cin lita 50 a Turai, ko kusan 59 a Amurka. Ƙarfenta 304 ne, kaurinsa bai kai milimita 2 ba. Su ma dai abin da matan burkutu suka yi wa duro suka yi, sai dai su sun dace da ƙarfe. Kamfanoni kuwa har yau suna kuka, domin gangar tasu ce, aro suka ba mai mashaya.

Bari mu bi aikin daki-daki, don a nan ne za a ga bambancin gwani da ɗan koyo. Da fari sai an saki iskar da ke matse a cikin gangar, domin wanda ya sa mata abin yanka tana cike da iska yana iya rasa ido ko fiye. Sa'an nan a yanke saman, a huda gefe kusa da gindi, a kawo ɗan guntun bututu mai zare wanda kan famfo zai ɗauru a jikinsa, shi ma marar tsatsa. Ramin ya zama daidai da shi, ba giɓi. A goge wurin tas, kuma da burushin da bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba, domin ƙurar baƙin ƙarfe in ta maƙale ita ce irin tsatsa. Wayar da za a ɗiga ta zama mai ƙarancin kabon, irin mai lamba 308L. A ɗan ɗana haɗin a wuri uku ko huɗu don kada zafi ya karkatar da bututun, a rage wuta, a yi sauri, a bar wuri ya huce kafin a ci gaba. Guntun bututun ya fi jikin gangar kauri, saboda haka gwani yakan karkata zafin wajensa, in ba haka ba fallen ya ɓule.

Saura babban abu, wanda ido ba ya gani daga waje. Argon da ke fita daga bakin abin walda fuskar waje kaɗai yake karewa. Bayan fallen, watau cikin gangar, shi ma ya yi ja, kuma iskar duniya na taɓa shi. In an bar shi haka sai kuromiyam ya ƙone, wurin ya yi baƙi ƙirin, ya yi kaushi kamar sukarin da ya ƙone a gindin tukunya. To, wannan gefen shi ne abin sha zai taɓa. Kowane ɗan rami a cikin kaushin nan ɗaki ne na ƙwayoyin cuta, soso ba ya kai gare su, tsatsa kuma daga nan za ta fara. Don haka sai an rufe bayan haɗin da wani ɗan ƙoƙo ko takardar alminiyam, an saka tiyo na biyu, an cika wurin da argon ya kore iska tun kafin a kunna wuta, a kuma bar shi yana zuba har ƙarfen ya huce. In da za a tambaye ni sunan da ya dace da wannan mataki da Hausa, sai in ce korar iska. Bayan an gama a wanke haɗin da ruwan tsami na musamman, ya cinye ƙonannen saman, sabuwar fata ta tsiro. A ganina wannan mataki na korar iska shi ne ma'aunin amanar mai walda, domin yana cin argon ninki biyu, mai kaya kuwa ba zai san an tsallake shi ba sai bayan watanni.

Shi kansa mai aikin yana da nasa haɗarin. Hasken wannan walda yana ƙona ido da fata, baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare shi. Hayaƙin kuromiyam yana cutar huhu. Argon kuma ya fi iska nauyi, ba shi da wari, yakan kwanta a gindin babban tanki, wanda ya zura kai ciki yana iya suma bai san abin da ya same shi ba.

Yanzu mu komo gida, inda tarihin ya yi wani irin juyi. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshe a Kaduna a 1963, duk da tsiron sha'ir na Turai ake aiki. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da wannan tsiro, kamfanoni suka rasa mafita sai dawa. Watau dawar da jikokin Bugazau ke tsirarwa a ƙarƙashin ganye, ita ce manyan motoci suka riƙa kwasa daga kasuwannin Arewa zuwa tankunan da aka haɗa da argon, ana yin giya da ita, ana kuma yin lemon malt wanda kowa ke sha. Amma a ƙasar Kano kanta ƙofa rufewa take yi. An ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa hukumar Hisba da doka a 2003, a 2004 aka hana yin giya da sayar da ita a jihar, a Nuwamban 2013 kuma aka murƙushe kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a. Maguzawan da yawa sun musulunta, wasu sun shiga Kiristanci, gayya ma kuɗi ya maye gurbinta. Haɗin da mai giya ya jira shekaru aru-aru ya iso Kano ya tarar mai jiran ya tashi.

Sai dai ya tarar da magada. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, tana maƙwabtaka da Rano, kuma noman rani da ta haifar a Kadawa da Kura da Bunkure ya cika yankin da injunan ban ruwa da na casar shinkafa da na niƙa. Inda inji ya je, mai walda na biye. Yau da wuya ka sami gari mai kasuwa a kudancin Kano da babu shi a bakin hanya da janaretansa. Kayan da ake kawo masa kuma sun fara sauyawa: tankin mai yogot, tukunyar mai kunun aya, mazubin tara madarar Fulani, bututun masu ruwan leda, injin markaɗen tumatir. Nono da zoɓo da tsamiya da tumatir duk tsami ne, kuma abin da tsamin burkutu ya yi wa duro shi za su yi wa mugun haɗi. Bambancin kawai, masu shan waɗannan har da yara na goye.

Injin argon ɗin kansa ya daina zama abin gagara, domin ƙananan da ake ƙerawa a Sin mutum ɗaya na ɗauka da hannu. Wahalar tana ga tukunyar iskar, wadda sai an ɗauko daga birni an kuma mayar an sake cikawa, da wutar lantarki tsayayya, da kuma hannun da ya koyu. Mai waldar da bai da waɗannan, in an kawo masa tankin sitenles, abin da ke gabansa zai ɗauka, watau sandar baƙin ƙarfe, ya ɗana, ya goge waje ya yi ƙyalli, ya karɓi kuɗinsa. Ba mugunta ba ce, ba a nuna masa ba ne, mai tankin ma bai san abin da zai tambaya ba.

Abin tambayar kuwa ba shi da wuya. A haska tocila cikin tankin, a dubi bayan haɗin, a shafa da yatsa. In ya yi sumul, launinsa fari kamar azurfa ko ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar karan dawa, an kori iska. In shuɗi ne mai duhu, zafi ya yi yawa, sai an wanke da ruwan tsami. In kuwa baƙi ne mai kaushi yana kama yatsa, gogewa daga waje ba ta gyara shi, sai an yanke wurin an sake.